Kasafin Kuɗi Ba Ya Warware Tawakkali

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Sau da yawa idan an yi wa ɗan'uwa maganar ya tsara abin da yake samu, sai ya ce ai arziki na Allah ne, lissafi kuma aikin Nasara. Mun ga ya wajaba mu yi tsokaci a kan wannan shubuha, domin tana cin gidaje.

Kasafi shi ne mutum ya auna abin da zai shigo hannunsa, ya raba shi bisa buƙatu tun kafin ya taɓa shi. Larabawa na ce masa mizaniyya, daga mizani, wato ma'auni. Kalmar bajet da ake ji a bakin 'yan boko asalinta tsohuwar kalmar Faransanci ce mai nufin 'yar jakar fata, ta shiga harkar mulki a Ingila a ƙarni na 18. Sunan ne nasu. Aikin ya girme su nesa ba kusa ba.

A cikin Suratu Yusuf, Annabi Yusuf (AS) ya shata wa Masar tsarin shekara 7 na noma da tanadi saboda shekara 7 na fari, har da umarnin a bar hatsin a zangarniyarsa, a ci kaɗan. Ya inganta a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara guda. Wa ya fi shi tawakkali? Da dukiya ta yawaita a Baitulmali, Sayyidina Umar (RA) ya kafa diwani, aka rubuta sunaye, aka yanka wa kowa rabonsa na shekara. Daga baya Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Haruna Rashid Kitabul Kharaj a kan yadda za a tara dukiyar al'umma da inda za a kashe ta.

To, ina muka baro wannan? Magidanci ya karɓi albashi, kafin goma ga wata ya ƙare a suna da biki, sai bashi, wani lokacin ma da ruwa. Kuɗin makarantar yara da na magani, waɗanda aka san suna tafe, su ne suke zama kamar sun faɗo daga sama.

Abin da ya fi damun mu shi ne na masallatai da makarantun Islamiyya. Ana tara taimako duk Juma'a, amma da wuya ka sami kwamitin da zai iya faɗin nawa ya shigo bara, nawa aka kashe a rufi, nawa a albashin malamai. Malamin da aka riƙe wa haƙƙinsa wata uku, saboda an zuba kuɗin a fenti, an zalunce shi. Muna kira ga kowane reshe ya rubuta kasafinsa a farkon Muharram, ya karanta wa jama'a, a kuma sake karanta abin da aka kashe a ƙarshen Zulhajji.