Daga Kawar: Faifai na biyu shi ke nuna mai kaya



Duk wanda ya taɓa kwana a tashar Dirku ya san cewa babu kayan da ke ƙetare Tenere ba tare da mai shi ba. Buhun dabino yana da suna a jikinsa, kantun gishirin Bilma yana da alama, katon taliyar da ya fito daga Libiya yana da takardar da za a nuna ma ƴan duwan. Ko akuya aka ɗaure bisa kamiyo, akwai wanda zai rantse cewa tasa ce. Haja guda tak na sani wadda ke shiga garin nan ta fita, ta gangara Agadas ta komo, ta haura Sigidin da Madama har Sabha, ba mai tambayar ta wane ne. Wannan haja ita ce waƙa. A da cikin kaset take tafiya, a aljihun karen mota. Daga baya ta koma cikin ɗan katin nan na wayar salula wanda bai fi farcen yatsa ba. Yau ina so mu bi sawunta ta hanyar labarin faifai biyu na wani makaɗin ƙasarmu, domin mu ga inda riba take tsayawa.

Makaɗin shi ne Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da sunan Mdou Moctar, Ba'abzine daga yankin Azawak na jihar Tawa. Ya tashi a gidan da ba a son kiɗa, saboda haka gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Abin da ya ja shi ga wannan sana'a shi ne ganin wasan marigayi Abdallah Oumbadougou, jagoran masu gitar Abzinawa a Nijar, wanda ya rasu a 2020. Kamar dubban samarin da muke gani suna ratsa wannan yanki, shi ma ya je Libiya neman kuɗi kafin ya komo gida ya riƙi gita da gaske, yana kiɗa a wuraren biki.

A shekarar 2008 ya ƙetara iyaka zuwa Sakkwato, inda ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar. Ɗakunan ɗaukar sauti na arewacin Najeriya a lokacin sun saba da waƙoƙin finafinan Hausa, don haka aka yi aikin da salon da ake yayi: gangar inji a madadin makaɗi mai rai, murya kuma aka bi da ita ta cikin na'urar nan da ke sa ta rawa kamar ana busa ƙarfe. Waƙoƙin da harshen Tamajak ya rera su, amma rigar da aka sanya musu ta Kano da Sakkwato ce. Wannan gauraye ya yi ma matasa daɗi ƙwarai. Sai dai a lokacin Anar bai fito kasuwa ba yadda aka san fitowar faifai, da kamfani da kwali da farashi. Daga waya zuwa waya ya bazu, ta Bluetooth da katin ajiya, har ya kai Mali da sauran ƙasashen Sahara. Suna ya samu, masu biki suka san shi. Amma duk kwafin da aka tura daga wannan waya zuwa waccan, ko tamma guda ba ta isa aljihunsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ma akwai kuɗin da aka karɓa.

Ana cikin haka, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya zauna a Kidal ta ƙasar Mali yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane, ya ci karo da waƙar Tahoultine ta cikin Anar. Ya sanya ta a wani faifan haɗaka mai suna Music from Saharan Cellphones, wato kiɗan wayoyin Sahara, wanda kamfaninsa Sahel Sounds ya buga a 2011. Abin lura a nan shi ne wahalar da ya sha wajen gano masu waƙoƙin domin ya ba su rabonsu, tun da yawancinsu ba su ɗauke da cikakken suna, balle adireshi. Haja ce mai kyau aka tsinta a hanya ba takarda. Da ya gano Mdou, ya zo Nijar ya same shi, har ya kawo masa gita irin ta bahago, domin da hannun hagu yake kiɗa.

Daga wannan saduwa ne faifai na biyu ya fito. Sunansa Afelan, sunan wani jarumi da ake ba da labarinsa a Azawak, kuma Sahel Sounds ya fitar da shi a 2013. A Cintabaradan aka ɗauke shi, a ƙasarsu, kai tsaye yayin da ake kiɗan. Babu gangar inji, babu na'urar rawar murya. Abin da mai saurare zai ji shi ne gita, wani wuri ta lantarki mai ƙara, wani wuri ta katako mai taushi, da murya yadda Allah ya halicce ta. A ciki ya sake rera wata waƙa ta ƙungiyar Tinariwen ta Mali, wadda duk mai gitar Abzinawa ke ɗauka a matsayin manya. A taƙaice, faifan farko ya nuna abin da kasuwa ke so a wancan lokaci, na biyu kuwa ya nuna mutumin da kansa. Kuma a wannan karo kayan sun fita da sunan mai su a rubuce bisa kwali, da kamfanin da za a iya tambaya.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ya fara zagayen wasa a Turai a 2014. A 2015 aka fitar da fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas da harshen Tamajak, shi ne jarumin. An ɗauki faifansa Ilana a birnin Detroit na Amurka, ya fito a 2019, sannan kamfanin Matador ya fitar da Afrique Victime a 2021. Duk wannan tafiya ta taso ne daga ranar da hajar ta samu suna da takarda.

Domin mu gane abin da ke ƙaranta mana, bari mu leƙa wata ƙasa mai sanyi a arewacin Turai, wato Suwidin, mu ga yadda wani faifai na biyu ya fito a can. Dattawan da suka yi zamani da kaset ba za su manta da ƙungiyar ABBA ba. Faifansu na farko, Ring Ring, ya fito a 1973, a lokacin ma ba su ɗauki sunan ABBA ba. Sunayensu huɗu aka jera bisa kwali. Waƙar Ring Ring ta shiga gasar zaɓen wakilin ƙasarsu zuwa babbar gasar waƙa ta Turai, ta zo ta uku. Ba su watse ba. Suka koma ɗakin Metronome da ke Stockholm, suka shafe watanni suna aiki, suka fitar da faifai na biyu, Waterloo, a watan Maris na 1974, wannan karo da gajeren suna mai sauƙin riƙewa. Ran 6 ga Afrilu 1974 suka cinye gasar Turai a garin Brighton na Ingila, kwana tara kafin sojoji su kifar da gwamnatin Diori Hamani a Yamai.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya duba a nan shi ne shirin da ke bayan nasarar. Mutanen Suwidin a lokacin ba su kai miliyan tara ba, harshensu kuma ba a jin sa nesa da gida, shi ya sa suka ɗauki waƙar da harshensu da kuma Ingilishi. Amma suna da kamfani na gida, Polar, ƙarƙashin Stig Anderson, ɗan ƙasarsu. Shi kuwa bai damƙa kayan duka ga baƙo guda ba; ya ba kamfanoni daban-daban izinin sayarwa, kowane a kasuwarsa: Epic a Ingila, Vogue a Faransa, Polydor a Jamus, Atlantic a Amurka. Daidai yake da attajirin da ke da wakili a Agadas, wani a Damagaram, wani a Kano, amma littafin lissafi yana hannunsa. Ban da haka, tun 1923 ƙasar take da ƙungiyar STIM mai karɓar kuɗin haƙƙin mawallafa duk inda aka kaɗa waƙarsu a bainar jama'a. Takarda ba ta hana rigima ba, domin a farkon shekarun 1990 wasu daga cikin mawaƙan sun kai ƙarar Anderson bisa lissafin kuɗinsu, daga baya aka sasanta. Amma mai takarda yana da abin da zai ajiye gaban alƙali. Wanda aka tura waƙarsa ta Bluetooth, wa zai kai ƙara?

Yanzu mu komo gida mu ƙidaya. Faifai na biyu na Etran Finatawa, Desert Crossroads, wani kamfanin Ingila ya fitar da shi a 2008. Bombino, ɗan yankin Agadas, bayan faifansa Agadez na 2011, a Nashville ta Amurka ya ɗauki Nomad na 2013. Les Filles de Illighadad, ƴan matan karkarar Abalak, Sahel Sounds ya fitar da nasu na biyu, Eghass Malan, a 2017. Etran de L'Aïr, ƙungiyar ƴan uwa da ke kiɗan biki a Agadas tun 1995, sai a 2018 faifansu na farko ya fito, na biyu mai suna Agadez a 2022, duka a hannun kamfanin nan na Amurka. Ba zargin waɗannan baƙi nake yi ba. Sun ga haja a yashe, suka ɗauka, suka nemi masu ita. Tambayata ga namu ce. Ƙasar da attajiranta suka iya kai raƙuma Libiya da albasar Galmi har bakin teku, me ya hana a samu wanda zai riƙe littafin lissafin waƙarta?

Na san amsar da wasu za su bayar, cewa kiɗa ba sana'ar da mai mutunci zai zuba dukiyarsa ciki ba ce. Wanda ya ƙi don addininsa, ba mai tilasta masa, kuma ra'ayinsa abin girmamawa ne. Amma wanda kiɗan ke tashi a kantinsa tun safe har dare yana jawo masa masu saye, da direban da gitar ke hana shi gyangyaɗi tsakanin Agadas da Dirku, waɗannan sun ci moriyar gumin wani, kuma haƙƙi haƙƙi ne ko na makaɗi ne. A zamanin da, lissafin a fili yake: makaɗi ya yi wasa, a yi masa kari nan take, sarki ko attajiri ya ba shi doki da riga. Na'ura ta raba kiɗan da makaɗin, kiɗan ya yi tafiyarsa, kari ya tsaya a gida.

Kada kuma a ce maganin shi ne a kori yaran da ke zuba waƙa a kati a bakin tasha. Ba don irinsu ba, da Anar ya tsaya a Sakkwato, da Ba'amurken nan bai ji ta a Kidal ba, da Afelan bai fito ba. Su ne dillalan wannan haja, kuma kasuwa ba ta ci sai da dillali. Abin da ake bukata shi ne a san su, a shigar da su cikin tsari. Muna da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA. Idan mai teburin shayi yana biyan kuɗin kasuwa, mai zuba waƙa ma zai iya biyan wani abu ƙayyadadde wanda bai fi ƙarfinsa ba, da sharaɗi guda: a bayyana abin da aka tara da wanda aka ba, domin kuɗin da ya shiga ofis ya ɓace ya fi satar kati muni. Ma'aikatan da ke shirya bukukuwan hukuma, da gidajen radiyo na gwamnati da masu zaman kansu, su ya kamata su fara ba da misali.

Ga makaɗa kuwa, musamman samarin Kawar masu rera waƙa da Tubanci da Barbarci da Hausa, shawarata ita ce ku ɗauki darasin faifai biyun nan. Na farko, ku bar shi ya yi yawo, shi ne tallarku. Amma kafin ku saki na biyu, ku yi masa rajista, ku sa cikakken sunanku da garinku a jikin kowace waƙa, kuma duk wanda zai ɗauke ku, baƙo ne ko ɗan gida, ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu: nawa ne rabonku, shekara nawa izinin zai yi, a waɗanne ƙasashe. Cinikin farko sau da yawa sa'a ce; a na biyu ake gane wanda ya san darajar kayansa.

Afelan ya fito bisa baƙin faifai irin na garmaho, wanda da wuya ka samu na'urar kaɗa shi a duk faɗin Kawar. Saboda haka mu nan ta cikin waya muka ji shi, kamar yadda muka ji na farko. Bambancin shi ne, wannan karo kafin ya iso mu an riga an sayar da shi a wata kasuwa da sunan mai shi. Ranar da za a yi wannan ciniki a Agadas, da kuɗin ɗan ƙasa da takardar ɗan ƙasa, ita muke jira.

Allah ya ba kowa haƙƙinsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.