Shugaban Sashe Malami Ne, Ba Akawu Ba

Ya ku 'yan makaranta, yau ƙara za mu kawo gabanku, kuma ƙarar 'yan'uwanmu malamai ce, domin ku abin ya fi shafa. A manyan makarantun sakandare akwai wanda a ke kira shugaban sashe, watau malamin da aka ɗora bisa sauran malaman fanni guda, ko lissafi, ko kimiyya, ko harsuna. To, ku gaya mana, yaushe rabon da naku ya shigo ajinku ya zauna a bencin baya, ya ji yadda a ke koya muku? Da yawanku ko fuskarsa ba ku shaida ba. Yana can ofis, littattafan shirin darasi sun yi tuli gabansa, yana ta sa musu hannu da jan biro, ko buɗe tsakiyarsu bai yi ba. Wannan aikin akawu ne.

Waɗansu su kan ce ba laifinsa ba ne, wai manhaja daga sama ta ke saukowa. Ba mu musa ba. Hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ke tsara manhajar ƙasa, WAEC kuwa da aka kafa tun 1952 ita ke shirya jarrabawa. Amma fa takarda ba ta san yaro ba. Ba ta san ajin bana ya zo bai iya lissafin rabawa ba, balle a hau da shi aljabara. Ku duba kuma, babbar sakandare shekara 3 ce, zango 9, amma na ƙarshe jarrabawa ce ke cinye shi, saura 8. Wa zai tara malamai a kasa aikin nan cikin zango 8, a san abin da za a fara da wanda za a jinkirta? Kadan shugaban sashe bai yi ba, sai kowane malami ya koyar da babin da ya fi masa daɗi, mai wuya ya bar wa na gaba, na gaba kuma ya ɗauka an riga an yi. Ta haka yaro kan kai ranar jarrabawar gwaji bai taɓa riƙe kwalbar awo da hannunsa ba, alhali ɗakin kimiyya na nan a kulle.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne sha'anin sabon malami. Abubakar Tafawa Ɓalewa shekara 5 ya yi a Kwalejin Katsina, daga 1928 zuwa 1933, kafin a ba shi aji a Midil ta Bauchi. Yanzu kuwa, tun da aka fara bautar ƙasa a 1973, a kan turo saurayi daga jami'a, ga ilmi kam, amma sau da yawa ba wanda ya taɓa nuna masa yadda a ke tsayawa gaban allo, ko yadda a ke jefa tambaya har na bayan aji ya farka. A miƙa masa alli, a nuna masa ƙofa, shi ke nan. Ba mu ga laifin yaron nan ba. Laifin na wanda aka ba amanarsa ne.

Masu naɗin ma ba su kuɓuta ba, don sau da yawa wanda ya fi daɗewa su ke ba, ba wanda ya fi iya koyarwa ba. Furfura muna girmama ta, amma daɗewa a bakin rijiya ba shi ne jan ruwa ba.

Abin da mu ke nema ba ya cin ko kwabo. A rage wa shugaban sashe darussa, amma kada a raba shi da alli. Ya shiga ajin ɗaya daga malamansa kowane mako, in an tashi su zauna su biyu ya gyara masa a asirce, sa'an nan shi ma ya bari a shigo nasa a gani. Ku kuma, kadan an tsallake muku babi, ku tura shugaban aji ya same shi cikin ladabi, da littafi a hannu, ya nuna masa shafin.