Kullum Shiri: Riƙon Bindiga da Maganin Zabura

A wannan wata maganarmu da samarinmu ce masu sha'awar aikin ɗamara, da 'yan kadet na makarantun sakandare, da kuma 'yan'uwanmu maharba masu lasin da ke fita daji wajen Ejura da Mampong. Batun kuwa shi ne yadda ake riƙon bindiga a fili, da yadda ake maganin zabura, wato ciwon nan da ke sa mutum ya runtse ido ya motsa kafaɗa tun harsashi bai fita ba.

Wani zai ce ina ruwan malamin makaranta da bindiga? To, sana'ar kakanni ce. A 1879 aka kafa rundunar tsaron Gol Kos da sojojin da ake kira Hausawa, a 1901 kuma ta zama Rajimantin Gol Kos. Cikinta akwai Hausawa da Gurunshi da Mosi da Farafara da sauransu, amma Hausa ce harshen bariki, har taken rundunar ma da Hausa yake: Kullum Shiri. Alhaji Grunshi na wannan runduna shi ake ɗauka sojan Ingila na farko da ya yi harbi a Yaƙin Duniya na Farko, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914. Waɗanda suka biyo bayansa su suka shiga dazukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Duk wanda ya shiga gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi zai ga irin makaman wancan zamani. Saboda haka in yaron Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ya ce soja yake so, gado ya tarar. Sai dai gado ba ya saita bindiga, sai horo.

Abin da ya sa maganar take da nauyi shi ne, harsashin da ya kuskure ba ya narkewa a iska. Na babbar bindigar soja yana iya yin tafiyar fiye da kilomita 3 kafin ya faɗi, kuma duk inda ya faɗi gonar wani ce ko hanyar wani. Maharbin da ya zabura kuwa yakan raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale, ba nama ba lada. Kurtu kuma da makin harbinsa ake auna shi.

Tushen riƙo guda ne: ƙashi da ƙasa su ɗauki nauyin bindiga, kada a bar wa tsoka. Tsoka tana gajiya ta yi rawa, ƙashi ba ya yi. Don haka gwargwadon kusancinka da ƙasa, gwargwadon natsuwar bindigarka.

Kwanciya rub-da-ciki ita ce uwar sauran. Gwiwoyin hannu biyu a ƙasa, na hagu kusan ƙarƙashin bindiga ga mai harbi da dama, gindin bindiga ya zauna daram a ramin kafaɗa, kunci kuma ya kwanta a kan katako wuri ɗaya kowane lokaci. Amma fa dajinmu ba filin fareti ba ne. Da damina ciyawa takan kai ƙugu, mai kwanciya ba abin da zai gani sai ganye. Nan ne zama yake da amfani: a harɗe ƙafafu, a sunkuya gaba, a kafa hannaye a cikin gwiwoyi. Wanda ya saba zaman tabarma a makarantar allo ya riga ya iya rabinsa. Sai durƙuso, wanda ya fi saurin shiga da fita: gwiwar dama a ƙasa, a zauna kan dunduniya, hannun hagu a kan gwiwar hagu. A lura kada tsinin gwiwar hannu ya hau tsinin gwiwar ƙafa, domin ƙashi biyu masu tsini gangarawa suke yi. A ɗan zarce da hannun gaba, naman dantse ya zauna a kan gwiwa. Tsayuwa ita ce mafi rauni duka, kuma ita samari suka fi so saboda abin da suke gani a silima. In ta zama dole, a nemi madogara: kututture, ko suri, ko sanduna biyu da aka gicciye. A sa hannu ko hula tsakanin bindiga da abu mai tauri, don in an ɗora ta kai tsaye takan yi tsalle.

Ga gwaji mai sauƙi da ya shafi dukan huɗun. Ka yi saiti, ka rufe ido, ka yi numfashi biyu, ka buɗe. In ka tarar bindiga ta kauce daga abin bara, jikinka ne ke kallon wani wuri. Kada ka murɗo ta da hannu. Gyara zamanka gaba ɗaya har ta dubi wurin da kanta.

Yanzu ga zabura. Da yawa suna ɗaukarta tsoro ce, har yaro ya ji kunyar faɗa. Halitta ce kawai. Jiki ya koyi cewa da an ja kunama ƙara da shuri za su biyo, sai ya riga su: ido ya runtse, kafaɗa ta tura gaba, yatsa ya fizgi kunama. Duk wannan yana faruwa cikin ƙiftawar ido kafin harsashi ya bar baki, ƙarar harbi kuma ta rufe shi, mai yi bai san ya yi ba. Sai ka ji yana zagin bindiga. Bari mu yi lissafi irin na aji. In tsakanin saitin baya da na gaba santimita 50 ne, kaucewar milimita 1 kacal tana zama santimita 20 a nisan mita 100. Kaurin farce ke nan ya raba mutum da abin da ya nufa.

Yaya ake gane ta? Malaman harbi suna da dabara tsohuwa. Malami ne ke loda wa ɗalibi bindiga, ya cusa harsashin banza mara albarushi cikin na gaske ba tare da ɗalibi ya san inda yake ba. Da an zo kansa, bindiga ta yi ƙas ba ƙara, sai kowa ya ga bakinta ya dunguri ƙasa. Daga ranar gardama ta ƙare. Wata alamar kuma, a tambayi mai harbi inda saitinsa yake lokacin da bindiga ta tashi. In bai iya faɗa ba, idonsa a rufe yake.

Magani na farko shi ne horo da bindiga wofi. Bayan an duba an sake dubawa cewa ba harsashi a ciki, an kuma fitar da harsasai daga wurin, an juya baki inda ba mutum, sai a yi saiti a matsa kunama sannu a hankali. A ɗora kwabo a kan bakin bindiga. In kunama ta faɗa kwabo bai faɗi ba, hannu ya fara natsuwa. Minti goma kullum ya fi awa uku sau ɗaya a wata. Na biyu, a toshe kunne da abin toshewa na gaske, auduga ba ta isa ba. Likitocin kunne sun ce ƙarar da ta wuce dasibel 140 tana iya lahanta ji nan take, ta babbar bindiga kuwa ta wuce haka, kuma wani ɓangare na zabura daga kunne yake shigowa. Na uku, a fara da ƙaramar bindiga mara shuri, irin ta iska, kafin a hau babba. Na huɗu, numfashi: a saki iska, a dakata, a matsa kunama cikin 'yan daƙiƙu, in abin ya ja, a sauke a sake. Bayan harbi kuma kada a ɗaga kai don leƙen sakamako. A zauna yadda ake, ido a buɗe a kan saiti, har bindiga ta koma mazauninta. In gajiya ta zo a tashi, domin mai harbi da gajiya zabura yake koya wa jikinsa.

Duk wannan sai a ƙarƙashin malami, a filin da hukuma ta yarda da shi. A Gana riƙe bindiga ba rajista da lasin 'yan sanda laifi ne babba, kuma an rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara don dabbobi su hayayyafa. Harbin iska a biki ko taro kuwa ba shi cikin gadon da muka ambata. Abin da ya hau sama sai ya sauko a kan wani. Iyaye, in yaro ya nuna sha'awa, a kai shi kadet ko a jira ɗaukar kurata, kada a bar shi ya koya a lungu.

Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu da ke bakin aiki, Ya jiƙan mazan jiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.