Zumunci Bayan Rai: Tuna Mamaci a Kudancin Kogin Kaduna

Hausawa kan ce mutuwa rigar kowa, amma kowace al'umma da irin yadda take tuna wanda ta rasa. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda Kiristocin da ke zaune a kudancin kogin Kaduna suke tuna mamatansu, tare da nuna cewa ma'aunin wannan tunawa shi ne yadda aka riƙe waɗanda mamaci ya bari.

Unguwannin wannan ɓangare, irin su Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi, matattara ce ta ƙabilu da dama. Masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, sun jawo ma'aikata daga ƙasar Bajju da Atyap da Ham da Filato da Binuwai. Daga baya rigingimun 2000 da 2002 suka sa Kiristoci da yawa suka tsallako daga arewacin gari. Abin da ya haɗa bakin waɗannan jama'a shi ne Hausa, domin kuwa tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a cikinta. Saboda haka a gidaje da yawa da Hausa ake ta'aziyya, da ita ake waƙa, da ita fasto yake ta'azantar da masu makoki. Akan ce mamaci ya yi barci, ko ya tafi gida, wato ana nuni da begen tashin matattu.

Babu mai musun kyan abin da ake yi a kwanakin farko. Da zarar an yi rasuwa, 'yan Zumuntar Mata sukan cika gidan, wasu na girki, wasu na waƙa, wasu na zaune da gwauruwa har gari ya waye. A daren waƙe-waƙe da addu'a 'ya'ya da jikoki sukan tashi ɗaya bayan ɗaya su faɗi halin marigayi: wannan ta ce Baba ne ya sayar da kekensa ya biya mata kuɗin makaranta, wancan ya ce Mama ce ta koya masa addu'ar safe. Irin wannan shaida taska ce, domin da ita yaro yake sanin tushensa.

Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida. Akan ajiye gawa makonni a asibiti ana jiran a tara kuɗi, sa'an nan a sayi akwati mai tsada, a fitar da anko, a buga littafin jana'iza mai hotuna, a yi hayar rumfuna da kujeru da motoci, a bi hanyar Kachiya da gawa zuwa Zonkwa ko Kwoi ko Kagoro. Idan taro ya watse, sai a bar gwauruwa da bashi, ga kuɗin haya, ga na makaranta. Wani lokaci ma dangin miji sukan waiwayo, su nemi takardun fili tun hawaye bai bushe ba. Wannan nauyi ya fi tsanani a Kakuri, inda rufe masaƙar farko a 2002 ya bar ma'aikata ba aiki, har da yawa daga cikinsu suka rasu suna jiran haƙƙinsu.

Wani zai ce ai kai gawa gida girmamawa ce, kuma kabarin uba a ƙasar kakanni shi ne igiyar da ke ɗaure 'ya'yan birni da asalinsu. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba a ce a daina ba. Abin tambaya shi ne: igiyar da aka saya da kuɗin makarantar maraya, wa za ta ɗaure? Yaron da aka kora daga aji saboda bashin jana'izar ubansa, da wuya ya tuna dangi da alheri.

Addinin da ake jana'izar da sunansa ma bai bar wannan batu a duhu ba. Bisharar Yohanna ta nuna Yesu yana kan gicciye, amma bai manta da mahaifiyarsa ba, sai da ya danƙa ta a hannun almajirinsa. Wasiƙar Yakubu kuma ta sa kula da marayu da gwauraye cikin alamun sahihin addini.

Manyan mutane suna da masu tuna su. Alal misali, Patrick Ibrahim Yakowa, Kirista na farko da ya zama gwamnan farar hula a Jihar Kaduna, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa ranar 15 ga Disamba, 2012, aka binne shi a Fadan Kagoma, kuma akwai babban titi mai sunansa a wannan ɓangare na gari. Talakan Narayi kuwa ba shi da titi. Sunansa yana bakin 'ya'yansa, idan suka tagayyara ya ɓace tare da su.

Don haka ya kamata dattawan ikilisiya su ƙayyade kwanakin ajiye gawa da yawan hidima, su kuma ware wani kaso na gudummawar jana'iza domin karatun marayu. Haka kuma ya dace dangi, a zaman da sukan yi bayan binnewa, su faɗi a fili wanda zai ɗauki nauyin kowane yaro, a rubuta, fasto ya shaida. Idan shekara ta zagayo aka zo sujadar godiya, sai a tambayi kawu da gwaggo inda aka kwana a kan alkawari. Zumunta a ƙafa take, kuma gwauruwa ta fi bukatar jin sallama a ƙofarta a wata na shida, lokacin da masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa.