Zangon Mahaya a Gandun Dajin Custer

Duk wanda ya ji labarin Amurka, mota da jirgin sama ne ke fara zuwa masa a rai, ba doki ba. Gaskiya ne kuwa, inji ya kori doki daga gona. Wajen 1920 dawaki da alfadaran ƙasar sun haura miliyan 25, amma kafin 1960 sun ragu zuwa kimanin miliyan 3. To, sai dai doki bai mutu ba, sana'a ya sake. Yau ga shi ya zama abokin kilisa, har gwamnatocin jihohi suna keɓe masa zango a cikin gandayen dajinsu.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne gandun dajin Custer, a tsaunukan Black Hills na Jihar Dakota ta Kudu. Faɗinsa ya kai eka 71,000, an kuwa mai da shi wurin shaƙatawa na jiha a 1919, da ƙoƙarin Gwamna Peter Norbeck. A bakin wani rafi da ake kira French Creek aka kafa zangon mahaya. Magidanci yakan zuba dawakinsa a akwatin da mota ke ja, ya ɗauki iyalinsa da tanti da tukwane, ya kama wuri. Akwai shingen dawaki kusa da makwancin mutane, akwai ruwa. Da sassafe a ɗaura sirdi a bi hanyoyin da aka sare cikin duwatsu da itatuwa, da yamma a komo a hura wuta, doki yana cin ciyawarsa, ubangijinsa yana jin motsinsa har barci ya kwashe shi. Mai son doguwar tafiya kuma ga hanyar Centennial, mai tsawon mil 111, wadda aka buɗe a 1989, ta ratsa ta cikin gandun.

Amma fa ba a shiga haka kawai, kuma a nan darasin yake. Yawancin jihohin Amurka ba su yarda a tsallako musu iyaka da doki sai da takardar likitan dabbobi mai nuna an gwada jininsa. Gwajin nan wani likita ne, Leroy Coggins, ya fito da shi a 1970, domin gano wata cuta mai shanye jinin doki, wadda bobuwa ke ɗauka daga wannan ta kai wa wancan. Cutar ba ta da magani, ba ta da rigakafi. Dokin da aka same shi da ita, ko dai a kashe shi, ko a killace shi har iyakar ransa. Da yake zango wuri ne da dawakin gari dabam-dabam ke kwana kusa da juna, ɗaya mai ciwo ya isa ya jawo wa kowa asara.

Sai maganar abinci. A dazuzzukan Black Hills ba a yarda mahayi ya shigo da kowace irin ciyawa ba, sai wadda hukuma ta duba ta shaida babu irin mugun haki a cikinta. Dalili kuwa, ƙwayar haki tana iya bi ta cikin doki ta fito a kashinsa da ranta, ta tsiro, ta yaɗu, ta kashe ciyawar da namun daji ke ci. Haka kuma ba a son a ɗaure doki a jikin itace ya kwana, don yakan gaigaye ɓawon, ya tone saiwa da kofato. Inda babu shinge, sai a miƙa igiya a sama tsakanin itatuwa biyu a ɗaure shi a tsakiya. In za a tashi, kowa ya kwashe kashin dokinsa, ya kashe wutarsa.

Wani zai ce ai wannan takura ce. To, mahayan da kansu ne suka gane cewa in ba su tsare dajin ba, za a rufe musu shi. A 1973 waɗansu mahaya a Jihar Montana suka kafa ƙungiyar Back Country Horsemen, saboda tsoron kada hukuma ta hana dawaki shiga dazuzzukan gwamnati. Maimakon su tsaya ga ƙorafi, sai suka ɗauki gatari da zarto suna gyaran hanyoyi kyauta, suna koya wa junansu ladabin zango. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Yanzu ƙungiyar tana da rassa a jihohi masu yawa.

Babbar ranar gandun Custer tana zuwa ne a ƙarshen watan Satumba, sa'ad da mahaya ke koro garken ɓaunar Amurka, kimanin 1,300, zuwa cikin shinge, dubban mutane suna kallo. Ba wasa kaɗai ba ne. Akan duba lafiyarsu, a yi musu allura, a ware waɗansu a yi gwanjonsu, don kada yawansu ya fi ƙarfin ciyawar da ke akwai.

Duk da haka, ƙasar nan tana da tabo, bai kuwa kamata a ɓoye shi ba. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar wa kabilar Lakota da 'yan'uwansu tsaunukan nan. A 1874 rundunar George Custer ta sami zinariya a wannan rafi na French Creek, a 1877 kuwa gwamnati ta ƙwace ƙasar. A 1980 Kotun Ƙoli ta tabbatar da diyyar fiye da dala miliyan 100, amma suka ƙi karɓa, suka ce ƙasarsu ba ta sayarwa ba ce. Su ma mahaya ne na asali.

A ƙasar Hausa ba a koya wa kowa darajar doki. Wanda ya ga hawan daushe a Kano ko hawan bariki a Katsina ya san haka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne fili. Gari ya cinye fage, gona ta cinye burtali, har samari suna kilisa a kan kwalta tsakanin motoci, abin da ke jawo haɗari ga doki da mahayi da mai tafiya a ƙasa. Jihohi suna da gandaye, ga Yankari a hannun Bauchi tun 2006, ga Falgore a Kano. Ba kowane daji ne zai karɓi doki ba, domin inda ƙudan tsando yake, sammore na nan. Amma likitocin dabbobi suna iya nuna inda ya dace, hukuma ta keɓe, masu dawaki su ɗauki nauyin tsabta da bin doka. In ba a keɓe fili yau ba, gobe sai a wayi gari ga doki a turke, babu inda za a kai shi.

Allah ya sa masu iko su duba.