Kafin Ka Kai Matarka Gaban Jami'an Shige Da Fice

Yawancinmu nan Danchuwa zuwa muka yi, wasu kakanninsu ne suka zo, kuma da wuya ka ƙirga gida goma a cikinmu ba ka samu wanda ya auro daga Damagaram ko Maraɗi ko Diffa ba. An ɗaura aure, an raba goro, an kawo amarya, shi ke nan. Takarda kuwa ba wanda ya tuna da ita. Wannan sakacin namu ne mu maza, amma matan ne za su ɗanɗana kuɗarsa.

Da muna fakewa da ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ya yi kwana 90 ba biza. To, Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025. A lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan Nijar har sai an sake sanarwa. Wannan alfarma ce, kuma mai alfarma yana iya janye abinsa ranar da ya ga dama.

Alhali doka ta ba matanmu abin da ya fi alfarma. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce macen da ke auren ɗan Nijeriya, ko ta taɓa aurensa, tana iya neman a yi mata rajistar zama 'yar ƙasa, idan tana da halin kirki, ta nuna niyyar zama a nan, ta kuma yi rantsuwar biyayya. Ku lura da “ta taɓa aurensa”: har wadda mijinta ya rasu tana ciki. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke karɓar wannan buƙata, izinin zama kuma yana hannun Hukumar Shige da Fice. Ko wanne kuka nema, sai an zaunar da ku an yi muku tambayoyi.

Tambayoyin ba na jarrabawa ba ne. Jami'i so yake ya gane abu biyu: auren na gaske ne, kuma matar da ke gabansa ita ce ta cikin takarda. Yaushe aka ɗaura, a wane gari, wa ya yi walicci, nawa ne sadaki, 'ya'ya nawa, mene ne sana'ar miji. Yana iya tambayar kowa shi kaɗai, sannan ya gwama amsoshin.

Inda ake tuntuɓe shi ne kunya. Na taɓa raka wani maƙwabcina da maiɗakinsa wani ofishi, aurensu ya haura shekara 20. Aka ce mata, “Hajiya, yaya sunan mijinki?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Malam.” Aka ce sunan ɗanta na fari fa? Ta ja mayafi ta rufe baki. Jami'in ba Bahaushe ba ne, ya ɗauka ba ta sani ba, sai da na yi ta bayani kafin ya saki fuska. Tarbiyya ce ta yi, ban ga laifinta ba. Laifin na mijin ne da bai zauna da ita a gida ya ce mata yau kam an yafe, ta faɗi sunan ba. Idan bakin ya ƙi, ta koyi rubuta shi. Mu da muka yi yaƙi da jahilci da furfura a ka mun san sati biyu ya isa a koyi rubuta suna ɗaya.

Sai rubutun Faransanci. Katinta na Nijar ya ce mahaifinta Ousmane, takardar aure ta ce Usman. Can an rubuta Zinder, ita kuma bakinta ya saba da Damagaram. A wurinmu duk ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum biyu ne. Ku baje takardun a kan tabarma ku duba harafi-harafi, har da ranar haihuwa. Inda suka saba a je kotu a yi takardar rantsuwa tun kafin ranar. Wanda ba shi da shaidar aure ya nemi ta kotun shari'a tun waliyyi da shaidu suna raye.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, a samo mata takardar 'yar asalin ƙaramar hukuma kawai, a ce nan aka haife ta. Na san ya fi sauri. Amma ka mai da matar da doka ke bayanta ta zama mai laifi, kuma tambaya uku za ta tona ta, don harshen Damagaram ba ya ɓuya. In an tambaye ta abin da ta manta, ta ce ta manta. In ba ta jin Turanci, ta ce a yi mata da Hausa. Kada ta sa hannu ko ta dangwala a kan abin da ba a karanta mata ba, kuma duk kuɗin da kuka biya ku karɓi rasit.

'Ya'yanmu mata da ke auren 'yan Nijar kuwa, sashe na 26 bai san da mazajensu ba. Su sai sashe na 27, mai neman zaman shekara 15. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da gyaran wannan, kuma a ganina ba ta kyauta ba. 'Ya'yansu dai 'yan ƙasa ne ta wajen uwa, sashe na 25 ya tabbatar musu.

Duk mai son a duba masa takardu ya same ni bayan La'asar, ya zo da na asali da hotonsu. In an gama, a bar wa matar nata a cikin akwatinta.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya, Danchuwa