Sabuwar Meziko ba kango ba ce lokacin da Oñate ya iso

Wani marubuci ya bayyana Juan de Oñate a matsayin gwarzon da ya buɗe arewacin daular Sifaniya a nahiyar Amurka, ya kai wayewa ƙasar da babu kowa. Wannan magana ba ta da tushe.

Da Oñate ya ƙetare kogin Rio Grande a 1598, ya tarar da garuruwan mutanen Pueblo, masu gidajen bene na ƙasa da gonakin masara na ban ruwa. A garin Ohkay Owingeh ya sauka, cikin gidajen mutane, kuma da hatsinsu ayarinsa ya rayu. Ta yaya ƙasar da ta ciyar da baƙo za ta zama kango?

Abin da ya fi ciwo shi ne marubucin ya tsallake abin da ya faru a garin Acoma. A Janairun 1599, bayan an kashe ɗan'uwan Oñate a rikicin karɓar abinci, sojojinsa suka hau dutsen garin suka hallaka ɗaruruwan mutane. Aka yanke wa mazan da suka haura shekara 25 hukuncin sare ƙafa ɗaya da bautar shekara ashirin.

Uzurin cewa haka zamanin yake ma bai tsaya ba, domin hukumar Sifaniya da kanta ta sami Oñate da laifi a 1614, ta haramta masa komawa yankin har abada.

A 1680 kuwa, mutanen Pueblo ƙarƙashin jagoransu Popé suka fatattaki Sifaniyawa daga garin Santa Fe, kuma sai bayan shekara goma sha biyu Sifaniyawan suka iya dawowa.